Me zan dasa a ƙarƙashin inuwar mangwaro?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar lambu kan matsalar da ta hana ni sakat.

A tsakar gidana a Kaduna akwai tsohuwar bishiyar mangwaro, rana ba ta sauka ƙarƙashinta sai da hantsi, ita ma ba ta wuce awa biyu. Bara na dasa boganbiliya guda 4, na zuba musu takin shanu, amma suka yi ta miƙewa sirara suna neman haske, ko fure ɗaya ba su yi ba. Da na haƙa da fartanya, sai na tarar saiwoyin mangwaron sun mamaye ƙasar kamar raga, su ke shanye ruwan da nake zubawa.

Shin in ci gaba da neman furanni masu reshe da ke jure inuwa, ko in haƙura in shimfiɗa tsiro mai yaɗo kamar ciyawar kafet, wadda za ta rufe ƙasa ta rage ƙurar hunturu? Sare bishiyar ba zai yiwu ba, domin mahaifina ne ya dasa ta. Wanne zai jure rani idan sau biyu kawai nake ban ruwa a mako?