Wace kalma za mu ba lambar da ta ƙi rabuwa?

1/ 'Yan uwa masu lissafi, ku taya ni. Ga lamba: 2,147,483,647. A ninka 2 da kanta sau 31, a cire ɗaya, ita ke nan. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772, ba kwamfuta, cewa babu lambar da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Bature ya ce "prime number". Mu fa?

2/ Na ga masu rubuta "lambar farko". Na san inda suka samo: Larabci adad awwali, kuma 'yan uwanmu na Nijar sun koya da Faransanci, can ma "farko" ake cewa. Amma ce wa yaro ɗan aji huɗu ya kawo lambar farko, wallahi 1 zai ce maka. Ita kuwa 1 masana ba sa ma sa ta a wannan sahu.

3/ Wani malami ya ce mu ɗauki "mara", ta cika da mara. Allah ya gafarta Malam, ba ta zauna ba. 91 mara ce, amma 7 sau 13 ce. Ga 2 kuma, cika ce, amma tana cikinsu, ita kaɗai ce cika a duk dangin.

4/ Ni a gaban mai tumatir na samu tawa. Ba shi guda 12: ya kasa uku-uku, ko huɗu-huɗu, ko shida-shida, tire ya yi kyau. Ƙara masa ɗaya su zama 13. Duk yadda ya juya sai wani kashi ya fi wani, ko ɗaya ya rage a hannunsa ya ba ka gyara. Sai dai ya jera su ɗai-ɗai, ko ya tara su kashi guda, wannan kuwa ba kasawa ba ne.

Don haka na ce: gagara-rabo.

5/ Ƙirar tamu ce tun kaka da kakanni: gagara-gasa, gagara-misali, gagara-badau. Kunne ba ya jin baƙunta. Irin su 12 da 91 kuma a ce masu rabuwa.

6/ An yi mini gyara cewa "rabo" na iya tafiya wajen sa'a, gara "gagara-kaso". Na auna sosai, har na so in karkata. Amma a aji "rabawa" muke cewa, gara sunan ya tuna wa ɗalibi aikin da ya gagara.

7/ Ku gwada a baki: 2,147,483,647 gagara-rabo ce ta gidan Mersenne, wato waɗanda ake samu in an yi ta ninka 2 da kanta aka cire ɗaya. Babbar yayarta da aka gano a Oktoban 2024 tana da alƙaluma 41,024,320. Malaman firamare, ku kai ta aji ku faɗa mana yadda yara suka karɓe ta.