Ruwa yana ɓacewa ta hita, ban ga inda yake yoyo ba

Assalamu alaikum. A gidana da ke Samaru, Zariya, ruwan tankin sama yana raguwa da kusan kwata kowane dare, alhali duk famfuna a rufe suke. Idan na rufe bawul ɗin da ke kai ruwa cikin hita mai lita 50, ruwan ba ya raguwa ko kaɗan. Mai gyaran famfo ya canza bawul ɗin rage matsi, ya ɗaure mahaɗan bututu, amma ba ta canza zani ba, kuma abin ya ishe ni. Bango a bushe yake, sai dai tayil biyu na bakin ƙofar banɗaki suna da ɗumi da asuba duk da sanyin hunturu. Yaya zan tabbatar bututun ruwan zafi ne ya fashe a ƙarƙashin daɓe kafin a fasa tayil?