Amarya na neman shawara: kurfoti ko gas?

Amarya, Sawaba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tarewa ta matso, kuɗin hannuna ba su da yawa. Gidan haya ne, a tsakar gida ake girki. Me zan fara saya?

Hajiya, Aboabo: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, 'yata. Fara da kurfoti, amma ki nemi Gyapa, mai yumɓu a ciki. Da Tuwi sunan yana nufin wuta mai kyau, kuma ya ci sunansa. Yumɓun ne ke riƙe zafi, shi ya sa ba ya cin gawayi kamar na ƙarfe zalla. Idan miya ta tafasa sai ki tura 'yar ƙofar da ke ƙasa, wuta ta lafa, ki tafi salla hankalinki kwance. Abu ɗaya zan ja miki kunne: kada ki kashe shi da ruwa. Nawa na farko haka ya tsage, jikata ta watsa masa ruwa yana ja wur, ina ɗaki na ji ƙas! Ki kwashe garwashin ki rufe da toka.

Anti mai wakye, Asawase: Hajiya ta gama magana. Ni tukunya zan ƙara. Ki shiga kasuwar Kejetia, nan Kumasi, ki sayi dadesen, ta alminiyon zubi mai kauri. Ki ɗaga ta da hannu ɗaya. Idan ba ki ji nauyi ba, ajiye musu abarsu. Ki ɗaga gindin sama wajen rana ki duba ko akwai huji kamar bakin allura. Mai sirara ƙona wake take yi tun shinkafa ba ta nuna ba, shito kuwa, soyayyen barkonon nan, kada ma ki fara.

Amarya, Sawaba: To Anti, gas fa? Maigidan ya fi son gas.

Yaya, Tafo: Ƙanwata, ki haɗa biyun idan da hali. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, wadda ake ɗora kan murhun a samanta, ta isa shayi da ɗumame da asuba. Mai kilo 14.5 sai nan gaba. Ranar da kika sayo, ki shafa kumfar sabulu a mahaɗar. Idan ta yi ƙwai-ƙwai, iska na fita, ki mayar. Tuwon zafi dai a kan kurfoti, domin tuƙi da muciya yana son tukunya ta zauna daram.

Hajiya, Aboabo: Kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada ki shiga ɗaki da garwashi ki rufe ƙofa. Iskarsa ba ta da wari, tana kisa.

Anti mai wakye, Asawase: Na manta asanka da tapoli, wato kaskon niƙa na yumɓu da ɗan taɓaryarsa. Bilenda tana da daɗi, amma ranar dumsor, in an ɗauke wuta, da me za ki niƙa barkono? Ki zaɓi asanka mai zurfin zane a ciki, ki ƙwanƙwasa, mai tsagewa muryarta a dushe take.

Amarya, Sawaba: Allah ya saka da alheri, iyayena. Anti, ranar Asabar za ki iya raka ni Kejetia?

Anti mai wakye, Asawase: In sha Allahu, bayan na sauke tukunya. Ki zo da babban buhu.