Murjanina ya koɗe, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Sabon Shiga
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kiwon murjani mai rai a tankin ruwan gishiri. Ina da Acropora, wato murjani mai rassa, koriya shar a saman duwatsun tankina, yanzu ta koɗe kamar yadin da ya sha wanki. Montipora, wani nau'in murjanin, da ke ƙasa kuwa ta koma ruwan ƙasa, alhali ruwansu ɗaya. Gishiri 1.025, zafi digiri 26, kalsiyum 430, alkaliniti (ƙarfin ruwa na kashe tsami) 8. Naitiret da fosfet duk sifili. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya gaya mana abin da ya gani da idonsa.

Baban Yara
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan sifilin da ka rubuta a ƙarshe, shi na fara zargi. A cikin naman murjani akwai ƙananan gansakuka da masana ke kira zooxanthellae, su ke sarrafa haske su ciyar da shi, launinsu kuma ruwan ƙasa ne. In sun yi yawa sai su rufe launinsa na asali, in sun ragu sai farin ƙashi ya riƙa lekowa ta ƙarƙashin nama. Su ma suna bukatar naitiret da fosfet.

Nawa tankin ya koɗe ne lokacin da na sa garin ƙarfen nan mai tsotse fosfet. Ruwa ya yi garau, murjani ya yi fayau. Na cire shi, na ƙara wa kifi abinci, har naitiret ya zauna wajen 5, fosfet wajen 0.05. Launi bai dawo da wuri ba, sai da aka kwashe makonni. Kuma sifili na da wani sharrin, yana gayyato wata yauƙi mai ruwan ƙasa da kumfa a jikinta, wadda korarta ta fi gyaran launi wahala nesa ba kusa ba.

Maman 'Yan Biyu
Malam, kafin komai ka tabbatar tana da rai. Ka haska ta da tocila bayan an kashe fitila. In ƙananan bakunanta sun fito, koɗewa ce kawai. In ƙashi ne tsirara, gansakuka za ta hau shi cikin 'yan kwanaki.

Ni fitila ce ta yi mini. Na canza zuwa LED, idona ya ga kamar ba ta da ƙarfi, ashe ido ba ya ganin ƙarfin shuɗin haske yadda yake. Da na ari na'urar auna PAR, wato ƙarfin hasken da murjani ke amfani da shi, sai na tarar saman duwatsu ya wuce 400, ƙasa ko 100 bai kai ba. Na sama ya yi fari, na inuwa ya yi duhu, daidai abin da ka kwatanta. Acropora takan ji daɗi tsakanin 200 da 350. Ka taɓa fitilarka kwanan nan?

Injiniya
Hajiya ta yi gaskiya, amma ni lambar gishirin nan ce ban yarda da ita ba tukuna. Tawa na'urar ta auna gishiri ta daɗe tana nuna 1.025, ruwan kuwa ya haura haka. Da ruwan gwaji na 35 ppt, wato gishiri kashi 35 cikin dubu, na gano, don saita ta da ruwa mara gishiri ba ya isa a wasu na'urorin.

Sannan alkaliniti 8 da ka faɗa, na yaushe ne? Ka auna a lokaci ɗaya kullum har mako guda. Wanda ya zauna a 7.5 bai taɓa ba ni matsala ba. Wanda ke tsalle daga 7 zuwa 10 shi ya ƙona mini kawunan rassa, suka yi fari fat, kuma abin ya fi tsanani in ruwa ba naitiret.

Dattijo
Yara, ku duba daga ina farin ya faro. In daga gindi ne yana hawa sama, nama na saɓulewa, wannan ba zancen launi ba ne. Na ga wanda ya tafi a dare ɗaya. Abin da na tsira da shi reshen da na yanke ne can sama da inda ciwon ya kai, na manna a wani dutse. Na kuma taɓa samun tsutsotsi masu faɗi da ke cin Acropora. Launinsu ya saje da nata, sai tabon cizo zagaye-zagaye da ƙwai a gindi suka tona su. Tsomawa a ruwan magani na kakkaɓe manyan, ƙwan kuwa sai an kankare da hannu.

Sabon Shiga
Na gode ƙwarai. Dattijo, na duba, babu tabo babu ƙwai, nama kuma bai saɓule ba. Hajiya, bakunan sun fito da daddare, kuma lallai na ƙara ƙarfin fitila watan jiya. To in rage haske, in ƙara abinci, in canza ruwa gaba ɗaya?

Baban Yara
A'a, in ka yi ukun tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Mayar da fitila inda take a da, ka bar canjin ruwa yadda ka saba. Abinci ka ƙara kaɗan-kaɗan, kana aunawa. Ka ɗauki hotonta yau da farin haske, daga wuri ɗaya, ka sake bayan mako biyu ka turo mu kwatanta.