Neman kalma: me za mu kira "kwamfozishin" a darasin ɗaukar hoto da waya?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wani darasi kan ɗaukar hoto da wayar hannu, gobe da safe za a naɗi murya. Kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, wadda Turawa ke kira kwamfozishin. Abin nufi shi ne yadda mai ɗauka ke zaɓar abin da zai shiga hoton da wanda zai bari a waje, da inda zai ajiye kowane abu a fuskar waya kafin ya danna. Ta cika darasin, don haka gajeriya nake so, wadda baki ba zai gaji da ita ba.

Ɗalibin Harshe: Insha'i.

Malamar Adabi: A'a ɗana, insha'i na alƙalami ne. Ni dai "zubin hoto" zan ce. A nazarin waƙa muna cewa zubi da tsari, wato yadda aka jera baitoci aka daidaita su. Aikin ɗaya ne.

Mai Kyamara: Mu a bakin aiki "saiti" muke cewa. Saita shi, hoton bai saitu ba.

Mai Fassara: Yaya, saiti na riga na ba wurin da ake shiga a kunna abubuwan kyamara. A can ne ake kunna layukan nan huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance, masu raba fuskar waya gida tara. In na ce "shiga saiti ka kunna layuka don gyara saiti", mai sauraro zai rikice. "Tsarin hoto" ma na gwada, sai ya ci karo da tsarin girman hoto, irin 4:3 da 16:9.

Dattijo: Saiti ba Hausa ba ce, a ajiye ta gefe. Na daɗe ina da kalma kan wannan: "shimfiɗar gani". Mai hoto shimfiɗa yake yi wa idon mai kallo, ya nuna masa inda zai fara sauka da inda zai bi. Hanya ko katanga da ta miƙe cikin hoto ai jan ido take yi har zuwa kan mutumin da aka ɗauka. Wace kalma ce ta kama wannan kamar tawa?

Mai Kyamara: Baba, da girmanka, in na ce wa yarona "gyara shimfiɗar gani" zai tsaya yana kallona ne. Kuma hoto, kyamara, waya, duk aro ne. Me ya sa saiti kaɗai ta yi laifi?

Dattijo: Don waɗancan sun zo da kayansu, ba mu da su a da. Amma iya jera abu ya yi kyau a ido, wannan mun gada. Abin da ke damuna, yaranmu na ganin sai an sa Turanci magana ke yin daraja.

Mai Kyamara: Ni kuma abin da ke damuna, masu karatu su ƙirƙiro kalma a kan takarda ba su tambayi masu sana'ar ba. Matsalar masu waya a fili take. Suna dasa mutum a tsakiya, rabin hoton sama ce fayau, ga turken lantarki a bayansa kamar daga kansa ya tsiro. Suna kusantar fuska da babbar kyamarar waya, wadda ganinta ke da faɗi sosai, sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya. Suna jan hoto da yatsu biyu ya dushe, maimakon su taka su matsa. Suna ɗaukar yaro daga tsaye, ba za su durƙusa daidai idonsa ba. Kalmar da za ta sa su gyara wannan nake so, ko daga ina ta fito.

Dattijo: To duk abin da ka lissafa, shimfiɗar ce ta lalace.

Malamar Adabi: Ranka ya daɗe, kalmarka na da daɗi, amma gwada ta a jimla. "Zubin hoton nan ya yi kyau." "Zubinsa bai yi ba, an yanke ƙafafu a gwiwa." Tana karɓar mallaka ba wahala. "Shimfiɗar ganinsa" kuwa, ganin wa? Na mai ɗauka ko na mai kallo?

Ɗalibin Harshe: Ita kuma ƙa'idar layukan fa? Na karanta cewa daga masu zane ta fito, an rubuta sunanta a Ingila tun 1797, kafin a fara ɗaukar hoto. Ko mu ce "ƙa'idar sulusi"?

Mai Kyamara: "Kashi uku" ta fi sauƙi. Ka ɗora idon mutum a ɗaya daga mahaɗa huɗu da layukan suka gitta, ka bar fili ta wajen da yake kallo. In fili kake ɗauka, inda sama ta haɗu da ƙasa ya hau layin sama ko na ƙasa, kada ya karkace. Layukan kansu "gidan dara" nake ce musu, kowa na ganewa nan take.

Dattijo: Gidan dara na yarda, wannan Hausa ce tsantsa. Zubi kuwa ban gamsu ba, ya fi kama da na ƙira da gini.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, lokaci ya ƙure. Ga abin da zan rubuta: zubin hoto a matsayin suna, tsara hoto in ana son aikatau, ƙa'idar kashi uku, da gidan dara. Baba, zan sa maganarka ta shimfiɗa wa ido hanya a sashen layukan da ke jan kallo, don nan ta fi dacewa.

Mai Kyamara: Ba laifi. Amma a wurin aiki saiti zan ci gaba da cewa.

Dattijo: Ki sa ta, 'yata. Sai dai in za a sake naɗar darasin, a dawo da maganar suna, ban janye tawa ba.