Sakatariya ta buɗe fayil daga imel ɗin da ba mu yarda da shi ba, mene ne abin yi?

Baban Walida, Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani imel ya shigo kwamfutar ofishinmu a Wuse 2 da sunan wata ma'aikata, wai takardar biyan kuɗin kwangila ce, a buɗe kafin awa 24. Fayil ɗin zip ne. Sakatariya ta danna abin da ke ciki, wani baƙin akwati ya ƙifta a allo ya ɓace, ba takardar da ta fito. Kwamfutar dai tana aiki lafiya lau. A ƙyale ta?

Injiniya Garki:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada a ƙyale ta ko kaɗan. Wannan ƙiftawar tana nuna wata manhaja ta riga ta gudana. Irin manhajojin da ke satar kalmar sirri ba sa rage wa kwamfuta sauri, su dai su kwashe abin da Chrome ya adana su tura wa mai su cikin mintuna.

Yanzu-yanzu a zare wayar intanet, a kashe Wi-Fi, kada ta taɓa sauran kwamfutocin ofis. Sannan a ɗauki waya ko wata kwamfuta daban a canza kalmar sirrin imel tukuna, don da imel ake sake buɗe sauran asusun. Sai ta banki. In an canza a kan wadda ta kamu, an miƙa wa ɓarawo sabuwar ke nan. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta waya), a fitar da duk na'urar da ba a sani ba daga asusun.

Abin da aka fi mantawa: a shiga saitin Gmail a duba Filters da Forwarding. Ɓarayin sukan dasa umarnin da ke tura musu kwafin duk saƙon da ya shigo, su zuba ido har ranar da za a biya kuɗi, su aika wa abokin cinikinku wata lambar asusu da sunanku.

Bayan haka a shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, a zaɓi Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike na kusan minti 15.

Maman Sadiq, Gwarinpa:
Yallaɓai, ƙari a kan na Injiniya. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil, shi ya sa takarda.pdf.exe ke fitowa kamar PDF zalla. A buɗe File Explorer, a View a kunna File name extensions a kowace kwamfuta. Duk abin da ya ƙare da .exe, .js, .vbs, .scr ko .lnk ba takarda ba ce. Haka kuma kada a amince da takardar Word ko Excel da ta ce sai an danna Enable Content.

Sunan da ke saman imel kowa na iya rubuta shi. Adireshin za a duba: na hukumomin gwamnati galibi yana ƙarewa da gov.ng. Ko da ya yi daidai, a kira su ta lambar da kuke da ita tun da, ban da wadda ke cikin saƙon. Kuma don Allah kada a yi wa sakatariyar faɗa. In aka tsorata ta, gobe ɓoyewa za ta yi.

Malam Mai Gyara, Nyanya:
Ni ban gamsu da bincike kaɗai ba, tunda da kwamfutar ake shiga banki. A kwashe takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji, a goge ta kaf a sa Windows sabo na asali. Office na bogi da ake lodawa a kasuwa sau da yawa sai an kashe Defender yake zama, a haka kuma ake barin ta. In Windows 10 ce, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, sai a koma 11 in injin zai ɗauka. A kira banki yau su sa ido a kan asusun, kada a jira Litinin.