Neman shawara: Ina kashi 95 ɗin ya tafi?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni jawabi a aji kan makamashin da ake ci wajen yin sabon alminiyam da na sake narka tsohon. Duk inda na duba, cewa ake sake narkawa kashi 5 cikin 100 na makamashin yin sabon kawai take ci. Ni dai abin bai zauna min ba. Ai duk narkawa ake yi, to ina sauran ya tafi? Kar malami ya jefo min tambayar nan in tsaya ina zare ido. Ta ina zan ɓullo?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matsalar tana cikin "duk narkawa ake yi" ɗin nan. Alminiyam ba a samunsa tsantsa a ƙasa, yana manne da iskar oksijin ne a cikin dutsen boksait. Wajen tan 4 na dutsen ke ba da tan 2 na farin garin alumina, shi kuma ya ba da tan 1 na ƙarfen. Raba garin nan da oksijin shi ne gagarumin aikin. Ana narkar da shi cikin wani narkakken ma'adini mai suna kirayolait a zafin da ya kusa digiri 960, a riƙa cusa masa lantarki dare da rana. Hall a Amurka da Héroult a Faransa suka gano hanyar a 1886, kowa da kansa, kuma har yau ita ake bi. Kilo ɗaya yana lashe kilowat-awa 13 zuwa 15. Gwangwanin hannunki kuwa an riga an biya masa wannan bashin. Digiri 660 kawai yake jira ya zama ruwa.

Sadiya: Ki ƙara da inda wutar ke fitowa. Ayislan da Nowe da ruwa suke samun yawancin lantarkinsu, shi ya sa masana'antun suka yi sansani can. Sin kuwa, mai yin fiye da rabin na duniya, ta fi dogara da kwal. Hayaƙinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Malam Isa: A dai yi hattara, kar ki nuna kamar ba asara. In ana narka gwangwanaye, wani kaso yana ƙonewa ya taso sama kamar toka-toka, sai an kwashe shi, kuma sirara sun fi ƙonewa. Fentin jiki ma sai an babbake shi tukuna. Ga gauraye: jikin gwangwani da murfinsa ba haɗi ɗaya ba ne, murfin ya fi magneziyam. In tarkace ya cakuɗe da yawa, dole a tsarma sabon ƙarfe kafin ya yi aiki mai kyau.

Hauwa: Na gode ƙwarai. Malam Isa, ke nan in cire adadin kashi 5 ɗin?

Malam Isa: A'a, bar shi, daidai yake. Ki ce "kimanin", sannan ki fara da maganar oksijin kafin ki kawo shi. Ki shiga ajin da gwangwani a hannu, ki nuna musu murfin.